Kawu Sha'aban Ya Yi Sallama Kafin Ya Shiga

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 13 ga watan Mayu, wadda ta yi daidai da 15 ga Zulƙida, Allah Ya karɓi ran kawuna, Malam Sha'aban Idi na Ɗinyar Gabas, bayan 'yan sanda sun harbe shi a sakatariyar ƙaramar hukumarmu. An harbe shi da ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in na safe. Ya cika da sha biyu da minti ashirin da biyar, a bayan motar a-kori-kura, kafin mu isa asibiti. Kansa yana kan cinyata a lokacin, kuma na duba agogo. An yi masa sutura washegari Laraba bayan La'asar, domin sai da hantsi aka ba mu gawarsa.

Shekarunsa ban san su daidai ba. Katin zaɓensa ya ce sittin. Mahaifiyata Furera, wadda take bi masa, ta ce ba zai gaza sittin da uku ba. Na bar su a haka.

Kawu, yau kwana tara. Sau huɗu ina fara wannan rubutu ina ajiyewa, duk don tsoron kada in rubuta abin da ban tabbatar ba. Na san da kana nan dariya za ka yi mini. Kai ne ka laƙaba mini suna Malam Daidai tun ina aji uku na firamare, ranar da ka gaya wa baƙonka cewa buhu goma na gero ka samu, ni kuma na tsoma baki na ce tara da rabi ne. Baƙon ya sunkuyar da kai, ni na sadaƙar duka zan sha. Sai ka ƙyalƙyale da dariya ka ce, "Wannan yaro, in ka ce masa barka da rana sai ya duba agogo kafin ya amsa." Har na gama jami'a bara ba ka daina kirana da sunan ba.

A garinmu gona tana manne da gona, babu jeji, babu saura. Abin da ya raba gonar wani da ta wani bai wuce layin gamba ko kututturen lalle ba. Shi ya sa duk bazara sai an yi rigimar iyaka, kuma duk rigimar da ta gagari mai unguwa kai ake kira. Ba ka riƙe sarauta ba, ba ka da takarda ko ɗaya, amma ka san inda kakan kowa ya tsaya da garma. Na tuna shekarar da aka kira ka tsakanin yayanka, Kawu Auwalu, da maƙwabcinsa Baba Mati. Ka zaga gonar sau biyu, ka tona gindin wata tsohuwar gamba da hannunka, sannan ka ce kunya uku na Baba Mati ne. Kawu Auwalu ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarka. Kai kuwa kullum da safe sai ka je ƙofar gidansa ka durƙusa ka gaishe shi, ka tashi ka tafi gona, har ya gaji ya amsa.

Rumbunka na iri daban yake da na ci. Idan damina ta matso, waɗanda yunwa ta sa suka cinye irinsu ba sa buɗe baki su roƙe ka, ba ka kuma bari su roƙa. Sai dai ka tare mutum a hanyar masallaci ka ce, "Akwai wani gero da na samo a Zakirai, ina so ka gwada mini shi a gonarka, in ga ko ƙasarka za ta karɓe shi." Mutum ya tafi da kwano biyu yana ganin shi ne ya yi maka alfarma. Sai a zaman makoki na gane yawan gonakin da ka yi wa wannan gwaji.

Ni kaina ranar jarrabawata ta shiga jami'a, motar da zan bi ta lalace tun kafin ta bar gari. Ka sauke mangalar taki daga kan jakinka a tsakiyar hanya, ka ari keken liman, ka goya ni har bakin titi, kilomita bakwai, kana haki kana yi mini faɗa kan na ƙi karyawa. Ba zan ce ba ka da aibu ba. Kana da taurin kai, kuma babu mai akuya a garin nan da bai sha faɗanka ba da zarar shuka ta tsiro. Amma faɗanka bai taɓa kwana ba.

Yanzu sai maganar da nake ta kewayewa.

A watan Fabrairu wasu masu awo suka zo suka kafa turakun siminti a gonaki arba'in da ɗaya da ke yamma da gari. Ba su yi wa kowa bayani ba, sai dai muka ji ana cewa za a yanka wurin filaye. Ka tara masu gonakin a zaurenka, aka yanke shawarar rubuta takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma. Ni na buga takardun, guda uku: ta 24 ga Fabrairu, ta 17 ga Maris, da ta 14 ga Afrilu. Abin da suka ƙunsa tambaya ce kawai: mu yi shuka bana ko kada mu yi? Babu wadda aka amsa. Mayu ta kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, mutane sun kai taki amma sun rasa ko su baza shi. A nan ne aka ce a tafi gaba ɗaya a kai ta huɗu hannu da hannu.

Mun tashi da ƙarfe tara da minti ashirin. Na ƙirga mutum ɗari da ashirin da bakwai, wataƙila na tsallake biyu ko uku. Kafin a hau motoci ka tsaya a bakin hanya ka sa kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Fartanya, lauje, wuƙar yankan rake, har sandar dogarawa. Baba Mati ya ce, "Haba Sha'aban, ƙafata ta uku za ka raba ni da ita?" Ka ce, "Ka dafa ni, Mati. Ai na fi sandar ƙwari." Aka yi dariya. Wannan na gani da idona, zan kuma iya rantsuwa a kai: babu wanda ya bar garinmu da makami.

Mun isa da sha ɗaya saura minti goma. Babbar ƙofar sakatariyar a rufe take. A jikinta akwai ƙaramar ƙofa ta masu tafiya a ƙasa, ita ma a rufe. Ta tsakanin ƙarafan na hango 'yan sanda tara a gindin wata darbejiya, kusa da motarsu. Muka tsaya a rana minti arba'in babu wanda ya fito. Matasa suka fara bugun ƙofa suna ihu. An jefa dutse biyu ta saman katanga, ɗaya ya fasa gilashin ɗakin maigadi. Mutanenmu ba sa so in faɗi wannan, amma an jefa. Ka juya ka daka musu tsawa, suka lafa.

Daga nan ka gyara hularka, ka karɓi ambulan ɗin takardar daga hannuna, ka matsa jikin ƙaramar ƙofar ka yi sallama, irin wadda kake yi a ƙofar kowane gida. Ka yi ta farko, shiru. Ka yi ta biyu, shiru. Na san ka, da ta ukun ma ta tafi a banza juyawa za ka yi ka ce mu koma, haka aka koya maka, haka ka koya mana. Amma a ta ukun sai maigadin, wani dattijo sa'anka, ya amsa daga ciki: "Wa alaikumus salam, bismillah."

Kai a wurinka an gama magana. Ka tura ƙofar, ba a kulle take ba, ka shiga. Mutum goma sha ɗaya suka bi ka, ni ne na huɗu. An yi tsawa a ce mu koma, sau biyu, da Turanci da Hausa. Na ji, ba zan ce ba a yi gargaɗi ba. Ko kai ka ji a cikin wannan hayaniya, Allah ne Ya sani. Abin da na gani shi ne ka ɗaga ambulan ɗin sama da hannun dama, ka miƙe zuwa barandar ofishin. Da ka isa bakin matakala ka ga an shimfiɗa tayil, sai ka sunkuya za ka cire takalmi, don ba ka taɓa taka wurin manya da takalmi ba. Ka cire na hagu. A nan aka yi harbi, sau uku. Ɗaya ya same ka a haƙarƙari, ɗaya ya sami Naziru ɗan Baba Mati a cinya, ɗaya ya sami bango.

Ranar Litinin da aka kira ni in ba da bayani na auna wurin da ƙafata. Daga ƙaramar ƙofa zuwa inda ka faɗi taku ashirin da shida ne.

Da yammacin ranar da abin ya faru aka karanta sanarwa a rediyo cewa ɓata-gari sun kutsa kai cikin sakatariya, ɗaya daga cikinsu ya sunkuya zai ɗauki dutse, jami'ai suka kare kansu. Garinmu kuwa, tun kafin a kai ka makwanci, ya riga ya shirya tasa amsar: a waje aka harbe ka, ba ka ko taɓa ƙofar ba. Haka ake faɗa wa duk wanda ya zo gaisuwa. Har waɗanda suka bi ka ciki suka fara faɗar haka, tun suna faɗa da sanyin murya har suka saba.

An kafa kwamitin bincike, zai zauna gobe Alhamis, kuma sunana ne na farko a cikin shaidu. Ranar sadakar bakwai Kawu Auwalu ya ja ni bayan rumbu. Idanunsa sun kumbura. Ya ce, "Abdulkabir, kai ne mai boko, bakinka za su saurara. Ka ce a waje yake." Na ce, "Kawu, a ciki yake." Ya ce, "Na sani. To in ka ce a ciki yake, ai ka wanke su ke nan. Jininsa ya tafi a banza, gonakin ma su tafi. Yau ɗaya dai ka ajiye mana daidai ɗin nan taka." Ba mugun mutum ba ne, ƙaninsa aka kashe.

Abin da ya fi gajiyar da ni ke nan a kwanakin nan, Kawu. Masu sanarwar rediyo da mutanen garinmu suna ganin gaba suke yi da juna, alhali a kan abu ɗaya suka tsaya: cewa idan har ka shiga, to harbin ya halatta. Su suna cewa ka shiga don su kuɓuta, mu muna cewa ba ka shiga ba don kada su kuɓuta. Babu wanda ya tsaya ya tambaya ko ƙetare ƙofar ofishin gwamnati laifi ne da ake kashe mutum a kansa.

Na yi ƙoƙari in duba ta wajen 'yan sandan. Ina da aboki, Sabiru, tare muka yi sakandare, yanzu ɗan sanda ne a wata jiha. Ya kira ni ya yi mini ta'aziyya, muka daɗe a waya. Ya ce, "Ba ka taɓa tsayawa ku tara a gaban mutum ɗari ba. Taro in ya ɓalle ba ya tambayar wa ke da kirki. Ana iya ƙwace bindigarka a kashe ka da ita, a cinna wa ginin wuta da mutane a ciki." Na yarda da shi cewa tsoro gaskiya ne, kuma an jefa dutse kafin nan. Ban ce su tsaya a ƙone su ba. Da wani ya taso musu da adda ko galan ɗin fetur, da maganar daban ce.

Amma na tambaye shi, kuma ina sake tambaya a nan. Ƙofar nan tana da sakata, me ya hana a zura ta? Minti arba'in muna tsaye, me ya hana ko magatakarda ya fito ya karɓi takarda? Akwai barkonon tsohuwa, akwai ankwa, akwai kotu. Mu goma sha biyu ne a cikin harabar, hannuwanmu a fili, sauran suna waje. Wanda ke gaba dattijo ne, ya ba su baya rabi, ya sunkuya a kan tayil da babu ko tsakuwa a kai. Idan shigarka laifi ce, sai a kama ka a kai ka gaban alƙali, ka biya tara ko ka kwana a tsare, mu kawo maka tuwo. Gilashin da aka fasa an riga an sauya shi, na gani ranar Litinin. Sabiru ya ce, "Allah Ya jiƙansa."

Maigadin nan ya zo gaisuwa ranar uku. Bai shiga cikin mutane ba, ya zauna a ƙarshen tabarma. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, wallahi ban ce ya shigo don ya shigo ba. Sallama na ji, bakina ya amsa." Na ce masa na sani. Mutum ya shekara sittin yana amsa sallama, ba rana ɗaya zai koyi yin shiru ba. Ban rubuta sunansa a nan ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Jiya bayan Azahar na shiga wurin Inna Barira, matarka. Tana zaune a ɗakin takaba da carbi a hannu, ta rame. Tun ranar da abin ya faru kowa yana gaya mata a waje kake, ni kuma ina guje wa idonta. Na durƙusa na gaishe ta, na daɗe ban tashi ba. Ta ce, "Abdulkabir, akwai magana a bakinka." Na ce, "Inna, Kawu ya shiga ciki. Ina bayansa. Jibi za a tambaye ni, kuma an ce in ce a waje yake."

Ta ɗan jima tana jan carbinta. Sannan ta ce, "Ya yi sallama?"

Na ce, "Sau uku."

"An amsa masa?"

"An amsa."

Ta ce, "To me za ka ɓoye? Shekara talatin da takwas ina gidansa, ko ɗakina bai taɓa faɗowa ba sai ya yi sallama. Da ka ce mini haurawa ya yi, da na ce ba shi ba ne. Ka je ka faɗa musu yadda aka yi. In sun ga wanda aka ce wa bismillah ya cancanci harsashi, su rubuta da hannunsu."

Ban sani ba ko gaskiyar za ta amfane mu. Wataƙila Kawu Auwalu ne ya fi ni sanin duniya, kwamitin ya ɗauki kalmar "ya shiga" ya rufe fayil da ita, a bar sauran. Wataƙila wasu a garin nan su daina amsa gaisuwata. Ina jin tsoro, Kawu, kwana biyu ko abinci ba ya shiga. An yi ruwan farko ranar Lahadi, wasu sun yi shuka a tsakanin turakun, wasu suna jira, har yau babu wanda ya ba mu amsa. Na gaji da lissafin mintoci da taku. Amma gobe da ƙarfe goma, in Allah Ya kai mu, zan tsaya in faɗi duka: dutse biyun, da tsawar, da sallamar, da takalmin. Idan na fitar da kai waje da bakina, na yarda ke nan cewa duk talakan da ya taka harabar nan jininsa ya halatta, kuma wannan ba zan iya sa hannu a kai ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Barira, da 'ya'yanka Abdussalam, da Tahira a Tofa, da Ikilima a Bacirawa, da auta Khairiyya. Ina yi wa mahaifiyata da Kawu Auwalu ta'aziyya, ina kuma roƙonsa ya yafe mini abin da zan yi gobe. Allah Ya ba Naziru lafiya, Ya tashi kafaɗarsa. Wanda ya ɗana kunamar bindigar ban san sunansa ba, kuma zuciyata ba ta kai ga yi masa addu'a ba tukuna. Na bar shi da Wanda Ya san shi.

Ya Allah, bawanKa Sha'aban ya zo gare Ka ba shiri, da ƙurar hanya a ƙafarsa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka karɓi shahadarsa, Ka sa abin da ya ciyar ya zama masa inuwa ranar da babu inuwa sai taKa. Ka ba iyalansa haƙuri, Ka tsare masa bayansa. Mu kuma da muka rage, Ka daidaita harsunanmu a kan gaskiya ko da muryarmu tana rawa, Ka kyautata namu ƙarshen idan ya zo. Amin.

Abdulkabir Yusha'u
Ɗinyar Gabas, Laraba, 21 ga Mayu